Yadda ake fitar da buɗa-baki bakin hanya, irin namu na Gadarif

Duk wanda ya taɓa azumi a Sudan ya san magidanci ba ya shan ruwa a cikin gidansa. Rana na yin ja za ka ga ƙofofi na buɗewa ɗaya bayan ɗaya, yara na jan tabarmi, samari na fitowa da siniya, wato babban farantin abinci, a ka, kowane layi da wurin zamansa. Wannan zaman shi muke kira dara. Ni tela ne a Gadarif, kuma tun bayan rasuwar mahaifinmu tabarmin layinmu a hannuna suke. 'Yan'uwa da suka koma sababbin unguwanni, da waɗanda yaƙi ya watsa zuwa wasu garuruwa, da wasu abokai na Kano da Damagaram da muke gaisawa a Facebook, suna yawan tambayata yadda ake kafa abin daga tushe.

Abinci shi ne mafi sauƙin lamarin. Mai wuyar shi ne a ci a tashi ba wanda ya gane wa ya kawo nama, wa ya kawo ruwan sanyi kawai, wa ya zo hannu rabbana. Darar da ta kasa rufa wannan asirin, gara kowa ya sha ruwa a ɗakinsa. Duk abin da zan faɗa a ƙasa, a kan wannan ya ginu.

Tun cikin Sha'aban

Da ƙafa ake fara wannan aiki, ba da waya ba. Ka je wurin wanda ya fi kowa shekaru a layin, ka zauna ƙasa, ka ce: "Baba, bana muna so mu fito waje, a zaɓa mana wuri." Ko da ka riga ka san wurin da ya dace, bar shi ya faɗa da bakinsa. Daga nan ka bi gidaje ɗaya-ɗaya bayan isha'i. Kada ka riƙe takarda, kada ka ce gidan wane shinkafa gidan wane miya. Da zarar an rubuta suna an rubuta abinci a gefensa, to an buɗe wa mai ƙaramin ƙarfi ƙofar jin kunya. Abin da za ka ce bai wuce wannan ba: za mu fito, kowa da abin da Allah ya hore, wanda bai samu ba ya fito da kansa.

Wuri kuwa, kada ya zama ƙofar gidan mai kuɗin layi, ko da tasa ce ta fi shara da hasken lantarki. In aka yi haka, kafin sati ya zagayo kowa ya zama baƙonsa, shi ne mai cewa bismillah, shi ake wa godiya. Kada kuma a tare ƙofar da mata ke shige da fice. A nemi jikin katanga da ke ba da inuwa bayan la'asar, ko gefen masallaci, inda mai wucewa zai hango daga nesa. A share, a yayyafa ruwa ƙura ta kwanta. Ruwa a Gadarif ba abin wasa ba ne, da yawanmu daga mai karo, wato mai keken jaki, muke saye ganga-ganga, don haka bokiti ɗaya ya isa in an yayyafa da hannu ba a kwarara ba.

Kayan da ake bukata kaɗan ne: tabarmi dogaye, butoci, daro da sabulu na wanke hannu, manyan bokitai masu murfi guda biyu ko uku, kofuna da yawa, da fitila mai caji don ranar da aka ɗauke wuta. Mutum biyu ko uku su haɗa su saya shiru.

Waɗanda ba sa zama a tabarma

Kafin maza su fara tunanin tabarma, mata sun yi nisa. Tun farkon Sha'aban ake jiƙa dawa a shimfiɗa ta a kan buhu a rufe, ana yayyafa mata ruwa har ta tsira, sannan a shanya a niƙa. A dama garin da kunun dawa mai kauri, a zuba citta da kirfa da hulba da tsamiya da zobo, a bari ya yi tsami. Ranar suya maƙwabta ke taruwa gida ɗaya, mace ta zauna gaban faffaɗan kasko na ƙarfe, ta zuba ƙullun, ta baza shi da ɗan guntun kaba har ya yi siriri, ya yi ja ya koma baƙi-baƙi, ta naɗe ta ajiye. Tun safe har yamma, hayaƙi na shiga ido. Wannan shi ne hilu-mur, wanda za a riƙa jiƙawa ana tacewa ana sa sukari har ƙarshen wata. Ƙamshinsa kan cika unguwa, mu nan shi ne ke fara gaya mana azumi ya ƙarato, tun kafin liman ya faɗa a huɗuba.

Na kawo wannan ne don maza su san inda siniya take fitowa. Kai kana zaune a inuwa, baƙo yana ce maka Allah ya saka da alheri, ita kuwa wadda ta tsaya gaban wuta tun azahar da azumi a bakinta, cikin zafin da kan kai digiri 40, ba ta ji ko ɗaya ba. Ka shiga ka isar mata. Uwargidana ta taɓa ce min, "Malam, in baƙi sun yi addu'a ka riƙa kawo min rabona," tana dariya ta faɗa, amma maganar gaskiya ce.

Saboda haka a sa iyaka tun farko. Siniya ɗaya daga gida: asida, wato tuwon dawa, da miyarta, ko tagaliya ce (ta nama da busasshiyar kuɓewa) ko ni'aimiya (mai nono), kwanon balila, wato dafaffen wake, da jug ɗaya na abin sha. In an samu ta'amiya, wato ƙosanmu na nan, ko salatin tumatir da tunkuza, madalla. Gawayi, ƙanƙara, dabino, burodi, ɗebo ruwa, duk aikin namiji ne da 'ya'yansa maza. Kuma kafin siniya ta fita a tabbata an cire wa mata da yara nasu mai kyau, ba ƙanzon tukunya ba. Na san gidajen da ake fitar da naman duka waje don a ce wane ya iya, a bar iyali da romo. Wannan ba kyauta ba ce, neman suna ne da haƙƙin wasu. A layinmu matan da mazansu ba sa gari da zawarawa sukan haɗu a gida ɗaya su sha ruwa tare, yau nan gobe can. In matan layinku na son haka, ku saya musu tasu tabarmar.

Rarraba siniya

Nan ne gaba ɗaya aikin yake, don haka zan daɗe a kai.

Ka sa samari biyu masu hankali a bakin tabarma. Duk siniyar da ta fito, su karɓe ta tun kafin ta sauka gaban mai ita. Su cire faifan da aka rufe ta da shi, su ɗauke kwanonin su watsa su tsawon tabarma: asidar gidan nan ta tafi can ƙarshe, miyar gidan can ta dawo tsakiya. Abin sha kuma a juye a manyan bokitai, hilu-mur wuri ɗaya, zobo wuri ɗaya, tsamiya ko ruwan kuka wuri ɗaya. Da an yi haka, wanda ya kawo jug ɗin da sukarinsa bai ji ba ya huta, nasa ya ɓace cikin na jama'a. Kwanoni a sa musu alama a gindi da fenti, yadda za su koma gidajensu ba sai an ɗaga ana cigiya ba. Kuma kada kowa ya zauna gaban abincin gidansa.

Wannan ba dabararmu ba ce. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musa cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yabi Ash'ariyawa saboda in guzurinsu ya ƙare a wurin yaƙi, ko abincin iyalansu ya yi ƙaranci a Madina, sai su tara abin da ke hannunsu a mayafi ɗaya, su raba daidai da mudu ɗaya. Ya ce su nasa ne, shi ma nasu ne. In ka duba, a cikin mayafin nan ba a sanin dabinon wane.

To, akwai wanda ba shi da abin fitarwa sam. Za ka gane shi: kwana biyu ya fito, rana ta uku ya ce yana da uzuri, ko ka ga ya makara da gangan sai an tayar da salla. Kada ka aika yaro ya ce ana kiransa, kada ka tambaye shi a gaban mutane me ya hana shi. Abu biyu ake yi. Na farko, a ba shi aiki a dara, aiki na gaske wanda in bai zo ba za a ji: shi ne mai fasa ƙanƙara, ko mai tsayawa bakin hanya kiran baƙi, ko mai duba lokaci. Mutum in yana da aiki a wuri ba ya jin ya zo cin arziki. Na biyu, kuma shi na fi so, a kai masa garin dawa da ɗan mai da albasa da busasshiyar kuɓewa da dare, ta hannun mace zuwa ga mace, ko a tura masa wani abu ta Bankak, manhajar banki ta waya, ba tare da dogon bayani ba. Gobe siniya ta fito daga ƙofarsa, ɗansa ne ya ɗauko ta a ka kamar 'ya'yan kowa. Yaron nan bai san komai ba, kuma bai kamata ya sani ba har abada.

Wanda ya bayar kuma ya kama bakinsa. Aya ta 264 a Suratul Baƙara ta hana ɓata sadaka da gori da cutarwa, kuma gori ba sai an faɗa da baki ba. Kallon da za ka yi wa siniyarsa in ta fito, murmushin da za ka yi wa wanda kuka haɗa kuɗin tare, duk yana gani.

A kan tabarma ba a yabon abinci da sunan gida, ba a kushe shi. An ruwaito cewa Manzon Allah bai taɓa aibata abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. Yabon ma yana da illa a nan: ka ce tagaliyar yau ta gidan wane ta fi, gobe gida uku sun ci bashi sun sayi nama. Haka gasa take farawa, kuma gasa ce ke kashe dara kafin goma ta tsakiya. In ka ga wani ya fara fito da siniya biyu da kaji, dattijon layi ya ja shi gefe ya ce ya mai da ƙarin sukari da ƙanƙara na kowa. Hoto kuma a bari. Ba wanda ya zo shan ruwa don gobe ya ga fuskarsa a waya da loma a hannu.

Kiran baƙo

Saura kamar minti goma sha biyar a kira salla, mutum biyu su tsaya bakin hanya. Kira daga zaune ba kira ba ne. Ka tashi, ka tare mutum, ka kama hannunsa: "Itfaddal, ya haj (wato bismillah, Alhaji), rana ta faɗi." Zai ce gidansa kusa ne. Kowa haka yake cewa. Ka ce ya jiƙa maƙoshi kawai ya wuce. Masu raksha, wato keke mai ƙafa uku, masu karo, almajirai, leburorin kasuwar riɗi da ba su da iyali a gari, su ne mutanenka. Tirmizi ya ruwaito daga Zaidu ɗan Khalid cewa wanda ya ba mai azumi abin buɗa-baki yana da lada irin nasa ba tare da an rage wa mai azumin komai ba, shi ya sa za ka ga layi biyu na jayayya a kan baƙo ɗaya.

A ƙauyukan jihar Jazira da ke kan titin Khartum zuwa birnin Madani an san su da tare manyan motoci, su tsaya tsakiyar kwalta suna ɗaga rawani har direba ya taka burki a sauke fasinjoji. Abin burgewa ne, amma ni ban yarda a sa yara gaban motar da ke gudu ba, balle lori mai kaya. A tsaya a gefe, a ɗaga hannu tun daga nesa. Direban da ya ƙi tsayawa a miƙa masa dabino da abin sha a leda ta taga, a yi masa fatan sauka lafiya. Wataƙila mara lafiya ya ɗauko.

Baƙo in ya zauna, ba a tambayarsa ƙabila, ba a tambayarsa ko yana azumi, ba a tambayarsa addini. Gadarif ba ta da nisa da iyakar Habasha, Habashawa da Iritiriyawa suna cikinmu, da yawa Kiristoci ne da suka zo aikin gona. Ya zauna ya sha, in an tashi salla ya jira ko ya tafi.

Mu Hausawan ƙasar nan ya kamata mu fi kowa iya wannan. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa gabas har suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, a garin Mai Wurno da har yau ake kira da sunansa. Wasu kakannin namu kuma hanyar Makka ce ta kawo su a ƙafa, shekara da shekaru, suna tsayawa su yi noma ko tsinkar auduga su sami guzuri su ƙara gaba. Kakata takan ce a hanya ba su taɓa tambayar sunan wanda ya ba su ruwa ba, shi ma bai tambayi nasu ba. Jikan wannan matafiyi bai kamata ya tsaya binciken asalin baƙo kafin ya miƙa masa kofi ba.

Yaƙin nan da ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF ranar 15 ga Afrilun 2023, cikin goman ƙarshe na azumi, ya sauya mana fuskokin da ke kan tabarma. Da Madani ta faɗa hannun RSF a Disamban shekarar, Gadarif ta cika da masu gudun hijira, makarantu suka koma wurin kwana. A azumin da ya biyo baya mun sha ruwa da malaman jami'a da manyan 'yan kasuwa waɗanda a da su ne masu fitar da siniya uku a unguwanninsu. Irin wannan baƙo ya fi kowa saurin jin ciwo. Kada ka ce ya ba ka labarin yadda suka fito, kada ka ce "Allah sarki" kana girgiza kai. Ka ba shi buta ya zuba wa na kusa da shi ruwa, in mai karatu ne ka gabatar da shi ya ja salla. Ranar da ya ga dama zai yi maganar da kansa.

Lokacin shan ruwa

Mintocin ƙarshe kafin kiran salla a bar su na addu'a. Ba sai an yi doka ba, in manya biyu suka ajiye waya suka yi shiru, yara za su bi. Ladan na cewa Allahu akbar a sha, kada wani ya ce a ƙara jira don ihtiyaɗi, hadisin Sahlu ɗan Sa'ad ya ce mutane ba za su gushe cikin alheri ba matuƙar suna gaggauta buɗa-baki. Dabino, ruwa, kofin hilu-mur, ɗan balila, loma kaɗan ta asida tun tana da zafi, sai a matsar da kwanoni a yi sahu a kan tabarmin. Liman ya karanta gajerun surori. Bayan sallama a dawo a ƙarasa, sannan shayi ko jabana, wato gahawa.

Masu rabo su ne na ƙarshen ci, don haka a ajiye musu nasu a gefe tun farko. Yaran da ke azumin rabin yini a ba su aikin kofuna. Tsoho ko mai ciwon suga da ba ya azumi ya zauna cikin mutane kamar kowa, ba mai kallonsa. Allah da ya wajabta azumin shi ya ce yana nufin sauƙi gare mu, ba ya nufin tsanani. Akwai ma ranar da sahabbai suke tafiya cikin zafi, masu azumi suka zube, marasa azumi suka kafa tantuna suka shayar da dabbobi, Annabi ya ce yau marasa azumi sun tafi da ladan.

Kason da za a aika wa masu gudun hijira ko masu jinya a asibiti a cire shi kafin a sa hannu, a rufe, yaro ya kai tun da sauran rana. Ragowar da aka jagwalgwala ba sadaka ba ce. In kun ga kullum abinci na saura da yawa, ku rage dafawa, ku mai da garin gidan da ke bukata.

Hira bayan an ƙoshi

Mutum ya wuni bai sha ruwa ba, ya kame bakinsa tun asuba, sai ciki ya cika, jabana ta zagayo, a ɗauko zancen wanda ba ya nan. A nan mafi yawanmu muke zubar da abin da muka tara. Hadisin Buhari a bayyane yake: wanda bai bar ƙarya da aiki da ita ba, Allah ba ya bukatar ya bar cinsa da shansa. Kuma dara a kan hanya take, hanya kuwa tana da haƙƙi. Da sahabbai suka ce ba su da makawa sai sun zauna a bakin hanyoyi, an ce su ba ta haƙƙinta: runtse ido, kame cuta, amsa sallama, umarni da kyakkyawa da hani da mummuna. Mace in za ta wuce ta gaban tabarma ta wuce ba tare da hira ta tsaya cak ana binta da ido ba. Samari su ji wannan daga bakin manya tun daren farko.

Zancen yaƙi da siyasa ba ya hanuwa, kowa yana da wanda ya rasa ko gidan da aka wawashe. Amma in ya fara komawa ƙabila kaza su ne kaza, a yanke. Wa'azi ba ya yanke irin wannan hira, ƙara mata wuta yake. Abin da na ga yana aiki shi ne tambaya ɗaya da wani dattijonmu kan jefo: "Wai wa ba mu gani ba yau?" Nan take hankali ya koma lissafin wanda bai fito ba, a tashi yaro ya leƙa. Ta haka muka gano maƙwabcin da zazzaɓi ya kwantar shi kaɗai a ɗaki, ta haka kuma gulma ke komawa zumunci ba tare da an kunyata wanda ya fara ta ba.

In akwai mutum biyu a layin da ba sa ga-maciji, kada a tara jama'a a ce sai sun yi musafaha. Masu rabo su san yadda za su yi kwano ɗaya ya faɗo tsakaninsu. Yau ɗaya zai miƙa wa ɗaya gishiri ba magana, jibi a gaisa. Wata guda yana da tsawo.

Wani abu kuma da dara ke yi wa mai sana'a, bari in faɗa a kan tawa. Goman ƙarshe lokacin ɗinkin Salla ne, kuma kowa ya san tela da "gobe in sha Allahu". To wanda ka ce wa gobe, shi ne zaune gabanka da magariba kuna tsoma hannu a kwano ɗaya. Shi ya sa nake rufe karɓar ɗinki tun tsakiyar wata, wanda ya zo bayan nan in gaya masa gaskiya ya nemi wani. Haka mai shagon da ya ɓoye sukari don ya yi tsada, haka mai ƙanƙarar da ke ninka kuɗi in la'asar ta yi. Ayar da ta wajabta azumi ta ce don mu sami taƙawa ne, taƙawar kuwa a kan keken ɗinki da sikeli ake ganinta kafin a gan ta a sahun tarawihi. Haushin yamma ma haka: "ni mai azumi ne" da aka koya mana mu faɗa in an tsokane mu, birki ne ga mai faɗar, ba sanda ba ce ta dukan wanda ya tsokane shi.

Ƙarshen wata

Daga ashirin ga wata dara kan yi rauni. Mata sun gaji, kuɗi sun tafi kayan Salla, wasu sun shiga i'itikafi, masu tahajjud na fama da barci. Siniyoyi za su ragu, baƙi kuwa ba sa raguwa. Kada a yi ƙorafi. A rage iri, a ƙara yawa: babbar tukunyar balila ɗaya da bokitin hilu-mur suna ɗaukar mutane fiye da ƙananan kwanoni goma, kuma samari na iya dafa balila da kansu a waje su hutar da iyayensu mata. Masu hali su ƙara a wannan lokaci, ta hanyar da na faɗa, da dare.

Zakkar fidda kai mudu huɗu ne na Annabi a kan kowane mutum, daga abincin da garin ya fi ci, mu nan dawa ce galibi. Ya halatta a fitar kwana ɗaya ko biyu kafin Salla, kuma hakan ya fi amfani ga mai karɓa, ya samu ya niƙa ko ya sayar ya yi wa yara wani abu. Wanda ya yi wata yana rabon kwanoni ba ya bukatar a ba shi sunayen mabukata, ya riga ya san ƙofofin. A kai da dare, a buhun da ba rubutun kowa a jiki.

Ranar Salla bayan an sauko daga idi, a bi gidajen layin ana neman afuwa kamar yadda aka saba, a tsaya daga zaure a gai da matan gida a gode musu da baki. Masu sittu Shawwal in sun kai uku ko huɗu su ci gaba da fitowa da tabarma ɗaya.

Sai gidajen nan da ake kai wa gari da dare. Yunwarsu ba ta ga watan Shawwal ta tafi ba. A Gadarif ruwa ba ya sauka sosai sai wajen Yuni zuwa Yuli, riɗi ba ya isa yanka sai wajen Oktoba, dawa kuwa sai ƙarshen shekara, kuma kafin nan aikin lebura kaɗan ne, hatsi na ƙara tsada. Mutum biyun nan ko uku da suka san sirrin su zauna tun kafin a naɗe tabarmi, su raba gidajen a tsakaninsu: wane ya ɗauki gida kaza, wane gida kaza, mudu nawa a wata, kuma ta hannun wace mata za a riƙa kaiwa.